Shekarar da Tabawa Ta Ƙarasa Mana Littafi

An hura wuta da littafina, kuma ban yafe ba. Na faɗa a tsakar gida, na faɗa a zaure, yanzu ga shi ina faɗa a rubuce tunda Allah ya sa na iya. Surukata Rabi ce ta yi, matar ɗana. Ice ya ƙi kama mata, ta leƙa ɗakina ta ga wani tsohon abu ba bango, gefensa duk ya yi ja kamar an tsoma shi a miya, ta yagi rabinsa ta cusa a murhu. Da na yi magana sai ta durƙusa.

"Inna, wallahi na ɗauka takardar ƙunshin ƙosai ce. Ki faɗa min sunansa, in na shiga birni in sayo miki sabo dal. Akwai ma waɗanda aka ce mu riƙa karanta wa yara a makaranta don su koyi tausayi, sai in haɗo miki da su."

Na ce, "Ba shi da suna."

Rabi malamar firamare ce, yarinyar kirki, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Amma kirki bai taɓa dawo da abin da wuta ta ci ba. Kuma ta rasa lokacin da za ta ƙona shi sai yanzu, da bazara ta kama, tumatir ya yi kwantai, ƙamshin kauɗa, busasshen tumatir, ya cika unguwa, komai ya koma kamar waccan shekarar.

Shekara ta dubu biyu ce da 'yan kai. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta fitar da kai ba ƙwaya, rumbuna suka yi sauƙin shara. Kowa ya sa ransa a noman rani. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kuma wanda bai san ƙasarmu ba sai in gaya masa: ruwa yana zuwa ta babban kanal, ya rabu ƙananan magudanai, ya bi gona-gona har ya kai ƙarshe. Waɗanda gonarsu ke farko ana ce musu 'yan kan ruwa. Na ƙarshe kuma 'yan wutsiya. Mu a kan ruwa muke, ba da wayonmu ba, nan aka ba kakan maigidana.

A shekarar ciyawar kachala ta cika kanal, laka ta taru, ruwan da ke zuwa bai fi ka tsallake shi ba. Sai mazanmu suka cika buhuna da ƙasa suka tare bakin magudanar da ke gangarawa wutsiya. Suka ce sai sun ƙoshi za su saki. Ƙoshin bai zo ba. Wata rana 'yan wutsiya suka zo da fartanya suka fasa gefen magudana, ruwan ya ɓalle ta inda ba a so, ya bi ta kan fangalin albasar maigidana ya wanke shi tas. Aka yi dambe, aka fasa wa wani kai, aka je gaban mai unguwa. Daga nan aka mayar da buhunan aka ƙara wasu a kai, mu mata kuma muka daina gaisawa da matan wutsiya. Ɓarayin ruwa muke ce musu. Kada wani ya jira in ba da haƙuri a kan wannan. Albasarmu ce aka wanke, ni na yi rainon irinta.

To tumatir ɗinmu sai ya yi kyau fiye da hankali, ya kuma nuna gaba ɗaya, namu da na Kadawa da na kowa. Motocin kudu ba su isa ba. A bakin titin Zariya za ka ga kwanduna a jere, ruwa yana tsiyaya ta ƙasansu, ƙudaje sun yi baƙi a kai, warin yana biyo ka har cikin hijabi. Abin da ya rage shi ne a yanka a shanya, a yi kauɗa. Wannan kuma aikinmu ne.

Da asuba Malam, maigidana, zai wuce ban ruwa kafin rana ta yi ƙarfi. Ni in dama koko, in ɗora sanwa, in share faƙon shanya da ke bayan gidanmu. Kafin hantsi amalanke ya sauke kwanduna a gindin darbejiya, mata sun hallara, kowa da wuƙarta da kwanonta. A raba tumatir gida biyu, a jera shi cikinsa yana kallon sama. Ruwansa yana cin hannu. In kina da 'yar tsaga a yatsa, ranar za ki san da ita. Da azahar iska ta tsaya cak, ganyen darbejiya ko motsi, ruwan randa ma ya yi ɗumi kamar an surka. Can gabas hadari ya taso baƙi wuluk, mu ɗaga kai muna tsoron shanyarmu, sai ya watse ya bar mu da gumi. Da la'asar a shafa man gyaɗa a hannu, a juya shanya, a kori awaki. Gobe ma haka.

A lokacin na haura arba'in, kuma a lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Dalilina ba mai tsawo ba ne: na gaji da kai takardar asibiti wa wani ya karanta min ciwona. Muna zama a bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Malamarmu sa'ar 'yata ce. Wata rana ta zo da kwali cike da tsofaffin littattafai ta ce kowa ta ɗauki ɗaya, kuma a riƙa karantawa da ƙarfi, ko da kaji ne za su saurara. Masu hanzari suka kwashe masu hoto. Ni na sami wanda ba bango, ba shafin farko, ba sunan wanda ya rubuta.

Na ce kaji ba su yi min komai ba da zan azabtar da su. Na kai shi gindin darbejiya.

Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifin Malam, ita ce babba a cikinmu, kuma harshenta ya fi wuƙarta kaifi. Ina fara haɗa baƙi, yatsana a kan layi, sai ta ce, "Ke Kulu, wannan karatu naki kamar jaki a cikin yashi."

Na ce, "Gemu ba ya hana ilmi, Gwaggo."

"To ke ina gemun? Ko shi ma sai kin je makaranta za a ba ki?"

Aka yi ta dariya har Asabe, maƙwabciyata, ta yanke yatsa. Amma da na rufe littafin da fushi, Gwaggon ce ta ce, "A'a, ci gaba mana. Matar nan ta samu ruwan ko ba ta samu ba?"

Haka aka kafa doka: mai karatu ba ta yanka. In na ɗauki littafi, kwandona sai a raba shi tsakaninsu. In na gaji na koma wuƙa, sai su yi ta ƙorafi har in goge hannu a zane in sake ɗauka. Hannun ba ya gogewa duka. Jan da Rabi ta gani a gefen takardun ke nan.

Labarin wata mata ce a can arewa, inda rijiya ke da zurfin da sai raƙumi ya ja guga. Fari ya faɗa musu, mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da yara, ya bar kuma tukunyar gero ta iri, an liƙe bakinta da laka, ya ce ko me za a yi kada a taɓa. Sunanta yana da wuyar faɗa a bakina, sai Gwaggo ta raɗa mata matar littafi, kowa ya bi. Muka shiga rayuwarta kamar 'yar uwarmu. Ranar da akuyarta ta mutu Asabe ta yi kuka da majina. Ranar da maƙwabtanta suka rufe ƙofa da suka hango ta da ƙoƙo, Gwaggo ta soka wuƙa a ƙasa ta ce, "Allah ya isa! Mutane ba imani. Da a garin nan take da ta ga gata."

Tana wannan magana, Tabawa tana zaune taku kaɗan daga bayanta.

Tabawa matar wutsiya ce, kuma mijinta na cikin waɗanda suka fasa magudana. Gonarsu ta tsage kamar tafin ƙafar tsoho, mijin ya bi motar kaya ya tafi neman aiki. Ta zo ƙofar gidana da wuƙarta ta ce ko akwai yanka. Gwaggo ta ce in kore ta. Na ce tumatir yana ruɓewa, hannu nake nema ba zumunci ba. Na ɗauke ta, amma ba wanda ya matsa mata a tabarma. Ta zauna a bakin inuwa, inda rana ke cimma mutum tun kafin azahar. Ba ta magana, ba a yi mata. Hannunta ya fi na kowa sauri. In aka kawo ɗanwake ko dambu, sai ta ci loma biyu ta ƙulle sauran a gefen zane, Asabe ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Ga rowa har da cikin mutum." Na kuma lura da faratanta. Jan tumatir yana fita da sabulu, amma nata akwai wani ja mai haske da ya maƙale a gefen farce, kullum da safe da shi take zuwa. Na ce a raina, ana yunwa ana lalle, lallen ma na banza.

Gwaggo ba ta daina ba. Ta ce da zarar an gama wannan zubin a sallame ta, kada mu ciyar da masu wanke mana albasa. Na ce to. Ranar Alhamis aka tsayar.

Ranar Laraba muka kai ƙarshen littafin, ko in ce inda ya ƙare mana. Matar littafi ta tafasa ganye har ganye ya ƙare a daji. Ƙaramin ɗanta ya daina kuka, abin da ya fi kukan ban tsoro. Ta shiga ɗaki ta tsaya a gaban tukunyar iri, ta ɗora hannu a kan lakar. Na juya shafi. Babu komai. Zare ne kawai a inda takardu suka zube.

"Ci gaba mana!"

"Ya ƙare. An yage."

Wuri ya kaure. Asabe ta ce lalle a daidai nan mijin zai yi sallama da buhu a ka, haka ake yi a labari. Wata ta ce hadari ne zai taso. Gwaggo ta ce, "Ko ma mene ne, ba za ta fasa ba. Mace mai hankali ba ta taɓa iri. Wanda ya ci iri ya ci baɗi."

"Ta fasa."

Muka waiwaya. Tabawa ce, kanta a sunkuye, wuƙarta ba ta tsaya ba.

Gwaggo ta ce, "Wa ya sa bakinki?"

"Ta fasa, Gwaggo. Sai dai ba ta dafa shi rana ɗaya ba. Tafin hannu guda take ɗiba, tana ce wa kanta ai da saura, ai za a samu na shuka. Gobe ma ta ɗebi tafi guda." Ta jefa tumatir a kwano ta ɗauki wani. "Wankin ne wahala. Ta wanke ta zubar, ta wanke ta zubar, ruwan yana fita ja. Ba ya daina ja duka. Ta surfa ta fitar da dusar, ta kai nesa ta binne kada kaji su ci. In ta dafa, ita take fara ci, ta zauna ta jira. In ba ta ji jiri ba sai ta tashi yaran. Manyan ba ya yi musu komai. Ƙaramin ne yake riƙe ciki."

Ƙuda ya sauka a hannun Asabe ba ta kore shi ba. Can Gwaggo ta ce, a hankali, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Yarinya, na littafin gero ne. Ba a sa masa jan magani."

Tabawa ta naɗe yatsunta cikin tafin hannu.

Duk wanda ya yi noma a ƙasar nan ya san irin masarar da ake sayarwa a leda, wanda aka turɓuɗa da jan magani don ƙwari, aka kuma ce ko kaza kada ta ci. 'Yan wutsiya sun saye shi tun farkon rani suna jiran ruwa. Ruwan yana bayan buhunanmu.

Gwaggo Delu ta tashi da ƙyar, ƙashinta yana ƙara, ta ja tabarmarta gefe. "Taso daga ranar nan," ta ce, "kin zauna kamar wata kauɗa." Ba a sake zancen Alhamis ba.

Bayan magariba na ajiye wa Malam tuwo, na zauna ban tashi ba. Ya dube ni ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Yaran wutsiya jan iri suke ci."

Ya ajiye lomar. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma namiji ne a cikin maza. Ya ce, "Kulu, ba ni kaɗai na tare ruwan nan ba. Shawara aka yi. In na je na buɗe, da wane ido zan kalli mutane? Kin manta albasa?"

"Ban manta ba. Ni na yi rainonta."

"To ki bari a kira taro."

"Taron da za a yi bayan kasuwar Bunkure, a ɗaga zuwa bayan Juma'a? Malam, buhunan da ka tare ruwa da su, na waye?"

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Na shinkafata ne. Da su nake kai turararriyar shinkafa inji. Ni na ɗinke bakinsu da hannuna, ka ɗauka ba ka tambaye ni ba. Ban ce ka buɗe ruwa ba. Kayana zan je in ɗebo."

Ya ce, "Karatun nan ne ya lalata ki."

Na ce, "Ai ban ma iya sosai ba tukuna."

Gari na wayewa na ɗaure zane a ƙirji na nufi bakin magudana. Ban kira kowa ba, amma ina waiwayawa na ga Gwaggo Delu tana tafe da sandarta, Asabe a bayanta. Ruwan asuba da sanyi, laka har gwiwa, buhun da ya sha ruwa kuwa nauyin gawa gare shi. Ni da Asabe muka kama kunne-kunne muna ja muna faɗuwa. Gwaggo ta zauna a kan gaɓa ta gicciya sanda a cinya. Maza suka taru. Wani ya fara ɗaga murya, ta ce, "Kai ɗan wa? Ni na yanke maka cibi. Matar nan buhunanta take ɗiba, in kana da naka a ciki shigo ka nuna." Bai shigo ba. Malam yana tsaye can baya, hannu a baya, yana kallon sama kamar mai duban wata.

Da muka ɗaga na ƙasan, ruwan ya yi wata ajiyar zuciya ya wuce. Ya bi busasshiyar magudana a hankali, yana tura ciyayi da kumfa a gabansa, ƙasa tana sha tana ƙara, ƙamshinta yana tashi kamar na ruwan farko. Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba, har yau.

Ba kyauta muka yi ba. Zubin tumatir ɗinmu na ƙarshe ya ƙanƙance, Malam ya yi kwanaki ba ya ce min komai sai "miƙo buta". Daga baya maza suka zauna suka raba kwanakin ruwa, suka ce shawararsu ce, muka bar musu. 'Yan wutsiya suka samu suka yi alayyahu da kuɓewa kafin damina. Gwaggo ta sauko da farar masararta da ke rataye a hayaƙin madafa ta aika wa Tabawa, da saƙon cewa wannan ta shuka ce, in ta ji an dafa za ta zo da kanta. Ƙaramin yaron nan mai riƙe ciki, yanzu shi ke gyara mana injin ban ruwa.

Na karanta littattafai da yawa bayan wannan, masu bango, masu ƙarshe. Wasu sun sa ni kuka. Amma mu ma ai mun yi wa matar littafi kuka har da majina, Tabawa tana bayanmu a rana. Da littafin ya zo da ƙarshensa, da mijin ya yi sallama da buhu, da mun share hawaye mun sallami Tabawa ranar Alhamis. Shi ya sa in aka tambaye ni wanne za a karanta, ba na iya ba da suna. Na san dai inda ake karantawa, da yadda ake zama.

Yanzu an gyara kanal, an yashe kachala, inji yana ta ƙugi a kowace gona. Gwaggo Delu ta daɗe a ƙasa, Asabe ma. Darbejiyar tana nan. Masu yi mana yanka bana baƙi ne, mata da suka baro garuruwansu can yamma saboda rashin kwanciyar hankali. Rabi tana ba su abinci mai kyau, tana sallamarsu a kan lokaci, ba ta taɓa yi musu tsawa ba. Suna zama a jikin katanga, matan gida suna gindin bishiya, kowa da wayarta a cinya. Daren da aka ƙona littafin na tambaye ta sunan ko da ɗaya daga cikinsu. Ta yi tunani ta ce, "Inna, ai ba sa magana."

Da safe na aika aka ɗauko min Tabawa a babur, ta zo da tsohuwar wuƙarta, bakinta ba haƙori sai dariya. Na sa aka haɗa tabarmi wuri guda a inuwa, na ce baƙin su taso. Na miƙa wa Rabi abin da wuta ta rage.

"Farkon kin ƙona, ƙarshen da ma babu. Karanta tsakiyar, da ƙarfi. Mai karatu ba ta yanka. In kin kai inda ya yanke, kada ki ce komai. Ki jira."

Rabi ta karɓa hannu biyu, ta gyara murya. Ni kuwa na ɗauki wuƙata na je na zauna kusa da baƙuwar da ta fi kowa shiru.